Halittun da Ido Ba Ya Gani a Tafkin Lagdo: Su Ma a Riƙa Ƙirga Su

Kowace shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, hukumomin Kamaru kan rufe kamun kifi a tafkin Lagdo, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa. Wata uku cur, taru da birgi da ƙugiya su huta, kwale-kwale su kwana a gaɓa. Hujjar dokar a fili take: damina ce lokacin da yawancin kifayen Binuwai ke zuba ƙwai, wanda kuwa ya kama uwa da ƙwai a cikinta ya cinye kamun baɗi tun bana. Ina goyon bayan wannan doka, kuma duk mai son ganin karfasa da giwan ruwa a kasuwar Garwa ya kamata ya goyi bayanta. Sai dai uwar kifi kaɗai dokar ke kallo. Makomar ɗan da ya fito daga ƙwan tana hannun waɗansu halittu ne da ba su san Yuli ba, ba su san Satumba ba.

Ɗan tarwaɗa, idan ya ƙyanƙyashe, yakan fito da guzurinsa na gwaiduwa manne a cikinsa. Cikin kwana uku zuwa huɗu guzurin ya ƙare. Daga nan dole ya sami abinci mai rai, mai motsi, wanda bai fi ƙarfin ɗan bakinsa ba. In ya samu ya rayu, in ya rasa na 'yan kwanaki ya mutu, ko da kuwa babu masunci ko ɗaya a tafkin. Masu kiwon kifi sun san haka a aikace, shi ya sa suke zuba kashin kaji a kududdufi su jira ruwan ya yi kore kafin su saki jarirai. Abin da suke nomawa da kashin kajin shi ne batun wannan rubutu. Ra'ayina kuwa shi ne, a tafki irin Lagdo, ƙirga waɗannan halittu a kai a kai, shekara da shekaru, ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci kamar ƙirga kwandunan kifi a bakin ruwa.

Matsala ta farko ta harshe ce, kuma ita ta sa na kawo maganar gaban ɗaliban Hausa. Bahaushe ya raɗa wa kifi suna iri-iri: tarwaɗa, ramboshi, karfasa, bargi, yauni, ƙurungu, tsage, faliya, gaiwa, ragon ruwa. Koren da ke taruwa a kan ruwa ya kira shi gansakuka. Amma abin da ido ba ya gani, kalmar da ta fi yawo a bakinmu ita ce "ƙwayoyin cuta", domin ta hanyar asibiti muka fara jin labarinsa. Wannan kalma ba za ta yi mana aiki a nan ba. Duk wanda ya je Lagdo ya ce wa masunta ruwansu cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma alheri ne, ya ɓata maganarsa tun daga tushe.

Masanan Turai suna amfani da kalmar da Bajamushe Victor Hensen ya ƙirƙira a 1887 daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke gantali, wato halittar da ba ta da ƙarfin yin gaba da ruwa, inda ya nufa nan take bi. Muna iya hausantar da ita mu ce filankiton, babu laifi. Ni dai na fi son "bi-ruwa", a kan tsarin harɗaɗɗen suna na aikatau da suna, irin bi-bango da hana-salla da dafa-duka. A furta bi ɗin da dogon wasali da karin sauti na ƙasa, kamar yadda ake yi a bi-bango. Waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana su zama tsiron bi-ruwa, waɗanda ke cin wasu su zama dabbobin bi-ruwa. A cikin dabbobin akwai rukunin da girmansu ke tsakanin maikuromita 20 da 200. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuma ba ya cika wuce maikuromita 100. Su zan kira mitsi-mitsin bi-ruwa.

A ƙarƙashin madubin likita, ɗigon ruwa guda gari ne. Akwai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke iyo da gashin da ya kewaye su, wasunsu ma a cikin wani ɗan kwanso mai siffar tulu suke zaune. Akwai masu bulala biyu, waɗanda suka fi yawa a teku. A ruwan daɗi kuwa rotifa ne suka fi cika ido, masu wani kambin gashi a ka da ke juyawa kamar gargare. Sai jariran kofefod, wani ɗan ƙwaron ruwa dangin jatan lande. Shi wannan tsohon sani ne, ko da ba mu san sunansa ba: babbansa ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu, kamar yadda Barashe Fedchenko ya gano wajen 1870, kuma shi ake tacewa da ƙyallen da ma'aikatan lafiya suka yi ta rabawa a ƙauyuka kafin a tabbatar da Kamaru ta rabu da cutar a 2007, Nijeriya a 2013.

An daɗe ba a ba mitsi-mitsin nan matsayinsu ba, dalilin kuwa abin dariya ne: ragar da masana ke tace ruwan teku da ita, idonta ya yi musu faɗi. Ƙananan su zurare, masu laushin jiki su fashe, sai manya su rage a ƙirga. Don haka aka ɗauka sarƙar gajera ce, tsiro ya ciyar da kofefod, kofefod ya ciyar da kifi. A 1982 Michael Landry da Hassett suka fito da wata dabara mai sauƙi ta auna cin da mitsi-mitsin ke yi, ta hanyar sirka ruwan teku da tataccen ruwa a mataki-mataki. Da Albert Calbet da Landry suka tattara sakamakon irin wannan gwaji daga tekunan duniya a 2004, sai ya bayyana cewa mitsi-mitsin ne ke cinye kusan kashi biyu bisa uku na abin da tsiron bi-ruwa ke samarwa kullum, a ruwan gaɓar teku kuma wajen kashi 60 cikin 100. Ashe mafi yawan abincin da ke isa ga kifi ta bakinsu yake fara bi.

Ga kuma saurin haihuwa. Mai ƙwayar halitta ɗaya yana iya rabewa biyu cikin yini guda idan ruwa ya yi ɗumi kuma abinci ya wadata. Kifi sai ya yi shekara ko biyu kafin ya nuna cewa wani abu ya sauya a ruwa, su kuwa cikin mako guda sun amsa. Jinsin da ya cika ruwa a wannan watan, wata mai zuwa ka neme shi ka rasa, wani ya gaje shi. A gaɓar tekunan Turai, inda aka fi bin lamarin, da zarar sanyi ya wuce rana ta yi tsawo sai tsiron da ake kira dayatom ya ɓarke, masu cinsa su biyo baya, da zafi kuma masu gashi da masu bulala su karɓi fili. Wannan juyin na kowace shekara ne, kamar rani da damina. Wahalar ita ce rarrabe shi da sauyin da ke tafiya a hankali a ƙarƙashinsa, wanda ba ya komawa inda ya fito. Wanda ya ɗebi ruwa sau biyu, a Maris da Agusta, ya ga bambanci, bai gano komai ba face cewa Maris ba Agusta ba ne.

A nan ne darasin teku yake. A watan Satumba na 1931, wani masanin Ingila, Alister Hardy, ya ɗaura wata na'ura a bayan jirgin kasuwanci da ke tashi daga Hull zuwa Bremen. A cikinta akwai naɗin siliki da ke warwaruwa a hankali yana tace ruwa yayin da jirgi ke tafiya. Aikin bai tsaya ba har yau, in ban da shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Silikin ma idonsa maikuromita 270 ne, saboda haka yawancin mitsi-mitsin kan kuɓuce masa, amma daɗewarsa ta biya. Da shi Martin Edwards da Anthony Richardson suka nuna a 2004 cewa tsakanin 1958 da 2002, a Tekun Arewa, lokacin bunƙasar wasu rukunan bi-ruwa ya matso gaba da mako uku zuwa huɗu saboda ɗumamar ruwa, alhali dayatom na farkon shekara kusan bai gusa ba, domin shi tsawon yini yake bi. Mai ci da abin ci sun fara saɓa alkawari ke nan. Da shi kuma aka gano cewa a ƙarshen shekarun 1980 kofefod mai son sanyi ya ja baya a tekun, ɗan'uwansa mai son ɗumi, wanda ke bunƙasa a wani lokaci dabam na shekara, ya maye gurbinsa, jariran kifin kod suka shiga wahala. Abin lura, a daidai shekarun ne aka janye wa aikin kuɗi, har sai da aka kafa gidauniya da sunan Hardy a 1990 ta cece shi. Waɗanda suka so rufe shi ba mahaukata ba ne. Aiki ne da ke kama da ɓata lokaci a kowace shekara ɗaya da ka duba, sai an jera shekaru arba'in yake magana.

Jamusawa suna ɗibar ruwa a wuri guda kusa da tsibirin Helgoland kowace ranar aiki tun 1962. A Plymouth ana zuwa wata tasha a teku kowane mako tun 1988. Kada a ce sai Turai: masu binciken kifi na Gana sun yi ta ɗibar bi-ruwa a gaɓar Tema daga 1969 zuwa 1992, kuma da George Wiafe da abokan aikinsa suka nazarci tarin a 2008, sun ga yawan dabbobin bi-ruwa yana raguwa a lokacin da ruwan ke ƙara ɗumi. A Tekun Larabawa, gefen Oman, tun farkon shekarun 2000 wani mai bulala da ake kira Noctiluca ya ƙwace lokacin hunturu daga hannun dayatom, har koren nasa ana hango shi daga tauraron ɗan'adam.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Garwa da teku, ga ta ɗaruruwan kilomita daga Duwala da Kiribi. Gishiri ne kawai ya raba, ƙa'idar ɗaya ce, kuma muna da namu misalin a gida, wanda ya fi na Tekun Arewa tsanani. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Masanan cibiyar Faransa ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, sun zauna a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, suna auna ruwansa da tsironsa da kifinsa. Gras da Saint-Jean su suka riƙe ɓangaren dabbobin bi-ruwa. Suna cikin aikin sai farin 1972 da 1973 ya auko, tafkin ya rabu biyu a 1973, ɓangaren arewa ya ƙafe a 1975. Buɗaɗɗen ruwa ya koma fadama mai ciyayi. Kifin da ake kira salanga a Chadi da Arewacin Kamaru, daga dangin da masuntan Hausa ke kira shemani, wanda a tafkin dabbobin bi-ruwa ne abincinsa, shi ne jigon su a wancan zamani. Ya durƙushe, tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa, masu jure ruwan fadama, suka hau. Muna iya ba da wannan labari dalla-dalla ne kawai saboda akwai masu ƙirga tun kafin fari. Littafin da Carmouze da Durand da Lévêque suka shirya a 1983 ya tattara aikin, kuma har yanzu shi ne ma'aunin da ake komawa gare shi. Haka nan da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar Logon ta daina rufe wani babban yanki na fadamar da Fulani ke kira yayre, inda jariran kifi ke samun ruwa mara zurfi mai ɗumi, cike da bi-ruwa. Sai a 1994 aka fara sake buɗe wa ruwan hanya.

Da yawa daga masuntan da waɗannan sauye-sauye suka tayar, Musgum da Kotoko da Larabawan Shuwa da Hausawa, Lagdo suka nufa bayan wani kamfanin Sin ya kammala madatsar a 1982, aikin da aka soma a 1977. Tafkin yaro ne, shekarunsa arba'in da 'yan kai, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 600 idan ya cika. Sabon tafki kowane iri yakan fara da shekarun yalwa, domin itatuwa da ciyayin da ruwa ya binne suna ruɓewa su zama taki, bi-ruwa su bunƙasa, kifi ya biyo. Daga baya takin ya ƙare, tafkin ya sauka zuwa ainihin ƙarfinsa. A kan wannan kuma ga laka da Binuwai da Mayo Rey ke kwasowa daga gonakin da aka sare, wadda ke cike gindin tafkin tana kuma tare hasken da tsiron bi-ruwa ke bukata. Ga takin zamani daga gonakin auduga da masara, wanda ke ciyar da wasu jinsuna fiye da wasu. Ga sakin ruwa don wutar lantarki ko don tsoron ambaliya, irin na 2012 da 2022 da mutanen Yola da Makurɗi da Lakwaja ba za su manta ba, wanda ke wanke bi-ruwa ya yi ƙasa da su. Ga faɗuwar damina da ba ta da tabbas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya gusar da lokacin bunƙasar mitsi-mitsin, ko ya musanya jinsin da jariri ke iya haɗiya da wanda ba ya iyawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce matsalar Lagdo a bayyane take: masunta sun yi yawa, ana su da raga mai ƙananan idanu har da gidan sauro, ana satar shiga ruwa a watannin hani. Mene ne na tafiya neman abin da sai da madubi, alhali ga ɓarna a gaban ido? Duk gaskiya ne, kuma ba na neman a sassauta wa mai taru da gidan sauro. Amma a duba yadda hukunci ke tafiya idan kamu ya ragu. Masunci ake gani, don haka shi ke ɗaukar laifin duka. A ƙwace ragarsa, a ƙona, a ci shi tara. Idan rabin raguwar daga ƙasan sarƙa ta taso, daga laka ko daga saɓanin lokaci tsakanin jariri da abincinsa, ƙona raga ba zai dawo da wannan rabin ba, kuma baɗi za a sake ƙona wasu. Sannan watanni ukun nan ba kyauta masunci ke bayarwa ba. Bashi yake ci a hannun dillali, matan da ke banda su zauna babu ciniki. Mutumin da aka nemi ya yi wannan haƙuri yana da haƙƙin a tabbatar masa cewa ranakun da aka zaɓa su ne daidai, kuma in ruwa ya gusa da mako uku, doka za ta bi shi. Kalanda ba ta iya ba da wannan tabbaci, sai ƙirga.

Kuɗin aikin ma bai kai yadda ake zato ba. Kwalba, ruwan aidin na Lugol da ke kashe halittun ya adana siffarsu, farin faifai a igiya don auna iyakar inda haske ke kaiwa, ma'aunin zafi, da madubi irin wanda ke kallon samfur daga ƙasa, bisa hanyar da Utermöhl ya daidaita a 1958. Wuri uku ko huɗu a tafkin, sau biyu a wata. Abin da ke da tsada shi ne naci. Al'adar jami'o'inmu ita ce ɗalibi ya ɗebi ruwa wata shida, ya rubuta kundi, ya kare, ya tafi. Wanda ya biyo shi ya zaɓi wani wurin da wata ragar, sai a tashi da kundaye goma da ba a iya jera su a layi ɗaya. Akwai jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, a Garwa kanta tun 2022, ga cibiyar binciken noma ta IRAD. Abin da ake bukata shi ne ɗayansu ta ce wannan tashar tawa ce, hanyar ɗiba ba ta sauyawa, kowane ɗalibi ya zo ya ɗora a kan na baya, kwalabe kuma a ajiye su da kwanan wata ko da mai ƙirgawa bai samu ba tukuna.

Rabon ɗalibin Hausa a nan ya wuce raɗa suna. Kwalbar da za a fara cikawa gobe ba ta da labarin 1985. Dattawan masuntan da suka zo tun cikar tafkin suna da shi: wace shekara ruwa ya yi kore da wuri, yaushe jan ruwa ya daɗe bai kwanta ba, wane kifi ne ya cika taru a da yanzu sai labari. Wannan ilimi a cikin kalmomi yake, kuma kalmomin na bukatar mai kunnen harshe, wanda zai bambance abin da masunci ke nufi da "sabon ruwa" da abin da yake nufi da "ruwa ya juya", ya rubuta wanda ya faɗa daga wane sansani, a wane wata, game da wace shekara. Gaskiya Fulatanci ne harshen kasuwa a Garwa, kuma a sansanonin su za a ji Musgum da Larabcin Shuwa, don haka aikin na haɗin gwiwa ne. Amma Hausa ce ke rakiyar bandar kifi daga Lagdo zuwa Yola da Mubi, kuma da ita masunta da dillalai daga ƙasashe dabam-dabam ke yin ciniki.

Ita ma "bi-ruwa" ba a ofis za a yanke mata hukunci ba. A kai ta bakin tafki, a ɗora ɗigon ruwan Lagdo a madubi, a bar masunci ya leƙa ya ga rotifa na juya kambinta, sannan a tambaye shi me zai kira abin. Idan ya kawo sunan da ya fi nawa zama a baki, nasa za a rubuta a jikin kwalbar.